Reshen da Ba Ya Roƙo

Ranar da muka fara haska Dokta Ummulkhair daga Gumel, na sha kunyar da ban taɓa sha ba a bakin aiki. Likitar dabbobi ce, ita ke zagaya wannan yanki namu, kuma ƙafa biyu gare ta kamar kowa. Shi ya sa ƙungiyar makiyaya ta nemi ƙaramin kamfaninmu ya riƙa kai maganarta da hotonta kai tsaye zuwa Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da rugagen da ke bayansu. Muka kafa talabijin mai aiki da sola a rumfar kowane ardo, muka ce masu waya ma su kalla. Dokta ta gyara zama, ta buɗe baki za ta yi sallama, sai hoton ya daskare. Haka ta tsaya baki buɗe a garuruwa uku da rugagensu, har mutane suka gaji suka watse.

Ni ce injiniyar, sunana Muhsina, kuma kowa a ofishinmu ya san ba ni da haƙuri. Ban tsaya neman wanda zan ɗora wa laifi ba, don na san inda matsalar take. Hanyarmu ta iska ce, daga ƙarfen sabis zuwa ƙarfen sabis, siririya kamar burtali a tsakiyar gonaki. Kowane talabijin da kowace waya sai da ta jawo nata kwafin hoton tun daga Gumel. Abu iri ɗaya, amma ana ta tura shi sau bila adadin ta hanya ɗaya, dole ta cushe.

Abin da na koma na gina sunansa maltikas. Kwafi ɗaya tak yake fita daga Gumel. Sai ya isa inda hanya ta rabu, sannan na'urar da ke kan ƙarfen wurin, wadda muke kira rauta, ta maimaita shi, kowane reshe ya ɗauki nasa. Ko mutum ɗaya ke kallo a Maigatari ko kasuwar gaba ɗaya har da direbobin Damagaram, nauyin da ke kan hanya bai canza ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba a tura wa reshen da bai nema ba. Wani a can ƙarshe zai danna koren maɓalli, rautarsa ta gaya wa ta gabanta cewa ana so, ita ma ta gaya wa ta gaba, har maganar ta iso Gumel. Jefi-jefi kuma rauta takan tambaya ko har yanzu akwai mai kallo. In ta ji shiru, sai ta datse reshen, hanya ta huta.

Da muka sake gwadawa, abin ya yi kyau har ogana Abdulganiyu ya ajiye gyaɗar da yake ɓarewa ya zo ya tsaya a bayana. A fuskar kwamfutata akwai zanen hanyoyinmu kamar bishiya, saiwarta a Gumel. Reshen Maigatari ya kama kore, na Gagarawa Tasha ya kama, na Sule Tankarkar ya kama, daga can ya wuce Rugar Barau ita ma ta kama. Reshe ɗaya ne ya zauna baƙi ƙirin, wanda ya tashi daga ƙarfen Rugar Barau zuwa Rugar Ardo Manu.

“Waccan ba rugarku ba ce?” in ji Abdulganiyu.

“Ita ce.”

“To, kin ga ikon Allah. Kin shayar da gari, gidanku babu ruwa.”

Ban yi dariya ba. Ardo Manu mahaifina ne, Baffa muke kiransa, kuma da wani lokaci ne daban da na bar abin ya bi hankali. Amma damina ta ja baya, garkunan da suka yi damina a Nijar sun fara gangarowa ta Maigatari, kuma ciwon huhu ya biyo su. Dokta ta riga ta ga shanu suna tari a kara, wato kasuwar dabbobi. Ciwo ne da ke bin numfashi, saniya ɗaya ta isa ta shafa wa garke a bakin rijiya. Na kuma ji cewa Baffa ya sayo wani bajimi a kasuwar Alhamis, ya zuba shi cikin shanunsa.

Baffa ba ya yarda da allura. Tun ina goye wasu masu allura suka zo, bayan tafiyarsu jelar wasu shanunsa ta kumbura har ta guntule. Daga ranar ya rufe ƙofa, kuma in ardo bai fito da shanunsa ba, babu mai fito da nasa a rugar. A cikin garken nan akwai jikokin saniyar da aka ba ni ranar sunana. Baffa ke kiwonsu, bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, ko shekarar da aka yi fari. Amma ba don nawa hankalina ya tashi ba. Na san mutumin. In garken nan ya ƙare, ba zai daɗe a bayansa ba.

Washegari da hantsi na sa direbanmu ya kai ni. Na ɗauka waya ce ta tsinke ko batir ya mutu. Na ɗaure hijabina a ƙugu, na hau ƙarfen, na duba komai. Rauta lafiya lau, sola na caji, batir cike. Na sauko na shiga rumfar Baffa, sai na tarar da talabijin an lulluɓe shi da sabon zane, an ɗora masa faifai a ka, an jingine maɓallin a gefe kamar kayan gado.

Goggo Rahama, ƙanwar Baffa, tana bakin bukkarta tana kaɗa nono, tana kallona tana murmushi.

“Kin gama hawan? Da kin tambaye ni da na hutar da ke. Ƙarfenki lafiyarsa ƙalau. Mai rumfar ne ba ya so.”

“Me aka yi masa, Goggo?”

“Bakinki ne ya yi masa. Ranar da kuka zo kafawa, me kika gaya wa mutane a gabansa?”

Na yi tunani. “Na ce wanda ya nema shi ake tura wa.”

“Ɗaya ke nan. Sai me?”

“Na ce hoton yana biyowa ta ƙarfen Rugar Barau.”

Goggo ta ajiye maburgi ta tafa hannu. “Kin ji ki. Ki dubi Manu ki ce masa sai ya roƙa za a ba shi, kuma abin da za a ba shi ma sai ya biyo ta gidan Barau. Ke ba a gidan nan aka haife ki ba? Kin manta bikin ’yar Barau?”

Ban manta ba. Barau ɗan ƙanin kakanmu ne, Baffa ya girme shi nesa ba kusa ba. Da zai aurar da ’yarsa, sai ya ba wani maƙwabci goron gayyata ya ce in ya biya ta wajenmu ya miƙa wa Baffa nasa. Baffa ya karɓa ya yi godiya, ranar biki kuma ya kora shanunsa daji. A wajensa, goron da bai zo da ɗan aike na musamman ba, ba gayyata ba ce, labari ne. Kuma tunda nake ban taɓa jin ya ce wa wani “ba ni” ba. Ko ruwa yake so, sai dai ya ce rana ta yi zafi.

“To ke ki danna mana, Goggo. Maɓalli ne kawai.”

“A rumfar Ardo? Ina son zaman lafiyata.”

Raina ya ɓaci, kuma har da kaina nake jin haushi, amma mafi yawa da shi. Mutum na ji na gani zai bar dukiyarsa ta hallaka saboda ɗan koren maɓalli.

Da azahar Baffa ya dawo daga rijiya. Ni ce ’yar farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa yi mini magana ido da ido ba. Haka al'adarmu take, kunya ce, ba ƙiyayya ba, na san da haka tun ina yarinya, amma sanin bai taɓa hana abin yi mini ciwo ba. Ya zauna a kan buzunsa, ya ba ni gefe, ya dubi Goggo.

“Rahama, ki tambayi mutanen Gumel ko sun zo lafiya.”

Na durƙusa na gaishe shi, na amsa ta wajen Goggo, kamar yadda aka saba. Sannan na ce, “Goggo, ki gaya wa Baffa ciwon huhu ya shigo Maigatari. Ki gaya masa likita za ta nuna yadda ake gane shi. Na ma ɗauko wani ɓangare a wayata.”

Na miƙa wayar. Ko kallonta bai yi ba.

“Rahama, ki ce idona ba ya ganin ƙananan abubuwa. Ki kuma ce masu hawa ƙarfe su ji da ƙarfe, masu shanu su ji da shanu. In likita tana da magana da ni, ta san inda nake. A jawo mini tawa hanyar daga Gumel, wadda ba ta ratsa gidan kowa ba. Ban saba cin saura ba.”

“Goggo, ki ce ba saura ba ne. Lokaci ɗaya yake isa ko'ina, ƙiftawar ido ma ta fi tsawo.”

“Ki ce na ji.”

Ya tashi ya shiga bukka. A daidai lokacin, daga can bayan garke, na ji tari. Busasshen tari ne mai nauyi, irin na babbar dabba. Na dubi Goggo, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ci gaba da kaɗa nononta.

A hanyar komawa na yi ta juya maganarsa a raina. Hanyar kansa da Baffa ke nema ita ce ainihin abin da ya daskarar da Dokta ranar farko, ba zan koma can ba. Amma akwai wata dabara da duk mai wannan aiki ya sani. Ana iya rubuta wa rauta umarni ta riƙa nema da kanta a madadin reshen, ko an danna maɓalli ko ba a danna ba. Ana kuma iya saita talabijin ya kunna kansa in hoto ya iso. Ta haka abin zai zo wa Baffa har rumfarsa ba tare da ya ɗaga yatsa ba.

Abdulganiyu ya saurare ni har na gama, yana ɓare gyaɗarsa. Mutum ne mai sanyi, irin sanyin da ke ƙara wa mai fushi fushi.

“Muhsina, tashar nan wuni take tana maimaita shiri. In kin buɗe reshen nan a sake, hoto zai yi ta kwarara ko da akuya ce kaɗai a rumfar. Batirin ƙarfen Barau ƙarami ne, kin sani. Asibitin sha-ka-tafi na ƙauyen can ma ta wannan hanyar yake aika saƙonsa. Wannan ma duk mai sauƙi ne. Gobe Barau ya ji an yi wa Manu, zai ce shi ma ba ya danna komai. Jibi na Gagarawa su ce su ma manya ne. Kafin ki ankara kowane reshe a buɗe yake dare da rana, mun koma inda muka fito.”

“Na sani.”

“To?”

“Shiri ɗaya nake nema. In an gama, ni da hannuna zan goge umarnin.”

“In bai kalla ba fa?”

“Zan goge duk da haka.”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya tura mini ’yar gyaɗa a tafin hannu, wanda a wajensa shi ne amincewa.

Daga nan na wuce ofishin Dokta Ummulkhair, na kwashe labarin Baffa da goron Barau na gaya mata. Na yi zaton za ta yi mini dariya, amma ita ma ta sha zama a kan buzun ardo fiye da ni. Ta aika aka sayo goro mai kyau, farare da jajaye, ta naɗe shi a ganye da hannunta.

“Ki ce ni na aiko ki. Sannan ki gaya mini, a duk yankin nan wane ardo ne ya fi shekaru?”

“Baffa ne.”

“To da sunansa zan fara. Ai kin ce abin da na faɗa shi kowa zai ji, ko ba haka ba?”

“Haka ne. Kwafi ɗaya ne, babu yadda za a yi wani ya ji daban.”

“Madalla. Na ƙarfe ya biyo ta gidan Barau, na baki kuma ya fara da Manu.”

Hanyar mota zuwa rugarmu tana bi ta ƙofar Barau. Na san in muka bi ta nan, kafin mu isa wani yaro ya riga ya kai labari, goron kuma ya zama labari shi ma. Na ce wa direba ya zagaya ta bayan dajin, ta hanyar amalanke. Ya ce yashi ne. Na ce na gani. Motar ta kafe har sau ba adadi, muna tonewa da hannu, muna shimfiɗa rassan sabara a ƙarƙashin taya, ina turawa yana ba da wuta. Da muka isa, ƙafafuna sun yi futu-futu, hijabina ya yage a gefe, direba kuma ya daina yi mini magana.

Na durƙusa a bakin rumfa na ajiye goron a kan faifai.

“Goggo, ki gaya wa Baffa Dokta Ummulkhair ce ta aiko ni gare shi, shi kaɗai. Tana gayyatarsa gobe da hantsi. Ki ce ta bayan daji muka biyo, ba mu ratsa ƙofar kowa ba. Ki ce ba sai ya taɓa komai ba, a yaye zanen kawai, za ta zo da kanta ta yi sallama.”

Baffa ya dubi goron. Ya saci kallon ƙafafuna, na gan shi. Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓara, ya jefa rabi a baki.

“Rahama, ki ce baƙo ba a hana shi sallama. Ki kuma ba mutanen Gumel ruwa su wanke ƙafa.”

Washegari ina gaban kwamfuta tun kafin Dokta ta iso. Na shigar da umarnin, reshen Rugar Ardo Manu ya kama kore a karon farko. Amma koren nan bai faranta mini rai ba, don ni na kunna shi. Ga wani abu game da maltikas da ban taɓa damuwa da shi ba sai ranar: mai aikawa bai san wanda ke kallo ba. Gumel tana ganin reshe ya nema, shi ke nan. Ko rumfar cike take, ko zanen ma ba a yaye ba, daga inda nake zaune duk ɗaya ne.

Dokta ta yi sallama. Ta ce, “Ina gaida iyayenmu, zan fara da babbanmu, Ardo Manu, Allah Ya ƙara masa lafiya.” Sannan ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya bisa shekarunsu. Maganar ta fita sau ɗaya, ta rabu a inda za ta rabu, ta sauka a Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta sauka a rumfar Barau yana zaune. Na tuna fuskar Barau, na ji wani ɗan daɗi da bai kamata in ji ba.

Ta nuna saniya mai ciwon, yadda take tsayawa ta buɗe ƙafafun gaba, ta miƙe wuya, tana nishi. Sannan ta sa aka ɗauko huhun wata da aka yanka a mahauta. Ya manne da haƙarƙari, ya yi tauri, da ta yanka shi da wuƙa cikinsa ya fito da zane-zane. Ta ce mai tari a ware shi daga garke tun yau, kada ya sha ruwa tare da sauran. Ta ce allurar masu lafiya ce, kuma yanzu ba a jela ake yin ta ba. Daga ƙarshe ta ce masu allura kaɗan ne, maganin kuma ba ya jure zafi, don haka ba za su yi ta yawo ba. Rugar da ardonta ya kira su, can za su je. Gobe za ta nuna yadda ake yin allurar, ta kuma faɗi yadda za a tsara zuwan.

Hoton bai daskare ba ko sau ɗaya. Abdulganiyu ya ce mini sannu da aiki, ban ko juya ba. Na kira Goggo.

“An yaye zanen,” in ji ta. “Rumfa ta cika har waje. Shi kuma ya zauna ya ba talabijin gefe, kamar yadda yake ba ki. Da aka ambaci sunansa ko gezau bai yi ba, sai dai ya gyara rawani. Da aka nuno huhun nan ne ya juyo gaba ɗaya.”

“Me ya ce?”

“Bai ce komai ba. Ya ɗauki sandarsa ya nufi garke, har yanzu bai dawo ba.”

Na ajiye wayar. Na buɗe rautar reshen, na nemo layin da na rubuta da safe. Abdulganiyu ya matso ya tsaya a kaina, ya yi gyaran murya.

“Ki bar shi zuwa gobe. Batirin zai iya kai wa. Ba zan gaya wa kowa ba.”

Wallahi na so in bari. Amma na daɗe ina juya abin a raina tun Dokta tana magana. In hoto ya sake zuwa da kansa gobe, Baffa zai zauna a karrama shi, ya gyara rawani, ya tashi. Jibi ma haka. Allura kuwa ba za ta zo ta yi masa sallama ba, babu umarnin da zan rubuta da zai kira masu allura a madadinsa. Na kai masa abin da zan iya kai wa. Abin da ya rage sai ya nema da kansa, kuma gara ya fara da maɓalli.

“Na ce zan goge,” na ce.

Na goge. Muka zuba wa zanen ido. Ba a jima ba rauta ta yi tambayarta, ko akwai mai kallo. Babu wanda ya amsa. Koren ya mutu, reshen ya koma baƙi. Na sake kiran Goggo na ce ta gaya wa Baffa baƙuwa ta yi sallamarta ta koma. Gobe tana nan a Gumel, maɓalli kuma yana inda yake.

“Kin san me kike yi kuwa?” in ji Goggo.

“Ki dai gaya masa.”

“Taurin kan nan dai ba a ƙasa kika tsince shi ba.”

Da hantsin washegari Dokta ta zauna gaban kyamara. Maigatari ta kama kore tun kafin a fara, su dama ba sa jira. Gagarawa Tasha ta biyo. Sule Tankarkar ta kama, Rugar Barau ta kama. Reshen da ke bayanta yana nan baƙi. Dokta ta yi sallama, ta fara da sunan Ardo Manu kamar jiya, sunan ya je ko'ina ban da rumfarsa. Ta ɗauko sirinji, ta nuna inda ake kama fatar. Abdulganiyu ya daina ɓare gyaɗa. Ni kuwa ina cewa a raina na yi ganganci, na yi wasa da garken mutum don in nuna ni ma ’yarsa ce.

Dokta ta kusa kai rabin bayaninta lokacin da reshen ya kama.

Ban yarda da idona ba, sai da na buɗe rautar na duba ko umarnina ne bai gogu ba. Ya gogu. Neman daga can ƙarshe ya taso, daga rumfar, ya hau ƙarfenmu, ya isa ƙarfen Barau. Can ya tarar da hoton yana gudana, aka ɓallo masa nasa. Nauyin da ke kan hanyar Gumel ko motsi bai yi ba.

“Wataƙila Goggonki ce,” in ji Abdulganiyu a hankali.

Wayata ta yi ƙara, lambar Goggo. Na ɗauka na ce, “Goggo, ke kika danna?”

Ina jin muryar Dokta tana fitowa daga talabijin a can, ina kuma jin ta a ɗakin da ke kusa da ni. Sai wani numfashi mai nauyi, da gyaran murya da na sani tun ina rarrafe.

“Ni ne,” in ji Baffa.

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na jira ya ce “Rahama, ki gaya mata,” amma babu Rahama a tsakaninmu.

“Ni na danna. Bajimin na ɗaure shi a bayan tsamiya tun jiya.” Ya ci gaba a hankali, kamar mai neman inda zai taka. “Cikin naki ma akwai wadda ta fara tari, jar karsanar nan. Ita ma na ware ta. Ban sani ba ko za ta tashi.”

Hawaye suka zubo mini, na bar su. Na ce, “To, Baffa.”

“Ki gaya wa likita ina neman masu allura. Ki ce Manu ne yake nema. Su biyo ta hanyar mota, ta fi kusa.”

Ya kashe wayar, don bai saba sallama da ita ba. Na goge fuskata da gefen hijabi, na tsaya a ƙofar ɗakin da Dokta take har ta kai ƙarshen maganarta. Sannan na aika a kira direba, na ce ya zo da akwatin ƙanƙara na ɗaukar maganin allura.